Fraternity, chapter da alumni: me za mu kira su da Hausa?

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a. Gobe da safe za a ɗauki shirin rediyo kan tarihin Alpha Phi Alpha, fraternity ɗin da ɗalibai baƙar fata bakwai suka kafa a Jami'ar Cornell ta Amurka ran 4 ga Disamba 1906. Kalmomin nan uku sun tsaya min a wuya.

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Chapter reshe ne, kada ka kuskura ka ce babi. Kowace jami'a da nata, ana raɗa masa suna da harafin Girkanci bi da bi: na Cornell Alpha, na Jami'ar Howard da aka buɗe a 1907 Beta. In haruffa sun ƙare a riƙa haɗa biyu. Omega kuwa ba a ba kowa, na mamatansu ne.

'Yar Damagaram: Alumni tsofaffin ɗalibai ne, amma a kula. Reshensu na gari ne, ba na makaranta ba. Wanda ya gama karatu ya zauna a birnin Louisville, ko daga wace jami'a ya fito, Alpha Lambda zai shiga, wanda aka buɗe a 1911. In ka ce ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, za a zaci irin ta Barewa ce. Ka ce reshen waɗanda suka kammala.

Bakano: Fraternity ai ƙungiyar asiri ce, ba wani ja.

Bazazzagi: Haba Malam! Mai sauraro a Najeriya 'yan daba da adduna zai hango. Martin Luther King da Thurgood Marshall fa 'yan cikinta ne. Bikin shigarwa ne kawai a ɓoye, sunayen mambobi da gidan reshe kowa ya sani.

Malamin Nahawu: Komai ƙungiya, komai ƙungiya! Da rantsuwa ake shiga, to a ce rantsayya. So ya ba da soyayya, ƙi ya ba da ƙiyayya.

'Yar Damagaram: Allah ya gafarta Malam, in na ji rantsayya, mutum biyu nake gani gaban alƙali.

Malamin Nahawu: Da a Turanci aka ƙirƙiro ta da tuni kun haddace. Wa ya san na'ura mai ƙwaƙwalwa kafin a fara faɗa?

Bakano: Kuma har yau kwamfuta muke cewa a Kano.

Malamin Nahawu: Kano ba ita kaɗai ke da Hausa ba.

Mai Fassara: Malamai, lokaci. Na ɗauki reshe. Fraternity kuwa zan ce ƙungiyar 'yan'uwantaka ta ɗalibai maza sau ɗaya, daga nan in riƙa cewa ƙungiyar.

'Yar Damagaram: Ya yi, kada ka cire maza ɗin, don ta mata sorority suke ce mata. Sai dai ɗalibai ɗin bai rufe waɗanda suka kammala ba, alhali su ma mambobi ne har mutuwa.

Malamin Nahawu: Kalma biyar a madadin ɗaya. To, a yi shirin haka, amma ni a aji rantsayya zan ce.