Python na fitar mini da 18 da 3 da yawa wajen raba wa jarumai maki

Bello_Mabera:
Assalamu alaikum. Duk daren Juma'a muna haɗuwa a zauren gidanmu nan Mabera muna wasan Dungeons & Dragons, wato wasan labari da kowa ke ɗaukar jarumi guda ana jefa ƙwaya, sai dai mun mayar da shi irin namu: barde, maharbi, malami da bafatake. Ƙwayar ludo biyu kacal gare mu, ga kowane jarumi da siffofi shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini. Kowace siffa sai an jefa mata ƙwaya uku an tara makinta, kafin a gama jifa dare ya raba. Shi ne na rubuta random.randint(3, 18) sau shida da Python, harshen rubuta manhaja, a wayata, don ya riƙa zaɓo mini lamba tsakanin 3 da 18. Yana aiki, amma makin bai kama da na ƙwaya ba. Bardena ya samu 18 har biyu, maharbin ƙanena kuwa 3 da 4 da 5, yaron har ya ce ya daina zuwa. Ina gyaran yake?

Hauwa_RunjinSambo:
Wa alaikumus salam Malam Bello. Layin nan naka yana ɗaukar lambobi 16 ɗin daidai wa daida, don haka 18 za ta zo sau 1 cikin 16. Ƙwaya uku ba haka suke ba. Hanya 216 suke iya faɗuwa, guda ɗaya tak ke ba da 18, amma 10 da 11 kowacce tana da hanya 27. Abin da ya sa yawancin maki ke taruwa tsakiya ke nan. Ka sa kwamfuta ta jefa kowace ƙwaya daban. Yadda aka fi yi yanzu, a jefa huɗu a zubar da mafi ƙanƙanta:

jifa = [random.randint(1, 6) for _ in range(4)]
maki = sum(sorted(jifa)[1:])

Matsakaicin zai tashi daga 10.5 zuwa kusan 12.2, ita kuma 18 ta koma hanya 21 cikin 1,296.

Abu_Gawon_Nama:
Abin da Hajiya ta faɗa daidai ne, amma ni yaron nan ya fi tsaya mini a rai. Ko da wannan gyaran, wata rana wani zai fito da maki marasa kyau, kuma da su zai yi ta wasa har labarin ya ƙare. Bugu na biyar na littafin dokokin wasan, na 2014, yana da jerin 15, 14, 13, 12, 10, 8, kowa ya raba yadda yake so. In kuma daɗin jifa kuke so, ka fitar da jeri guda kowa ya yi aiki da shi. Barde ya kai babbar lambarsa ga ƙarfi, malami ya kai ga basira.

Bello_Mabera:
Madalla, na gode. Na sa ya jefa sau 10,000, 12 da 13 ne suka fi fitowa. Yaya Abu, jeri guda za mu ɗauka, ƙanen nawa ne ma zai danna. Saura lissafin ƙarin da ake yi wa jifa gwargwadon makin siffar jarumi.

Hauwa_RunjinSambo:
(maki - 10) // 2. Ka kula, alamar / biyu ce a jere, ba ɗaya ba, don mai maki 9 ya samu -1.