Ƙarfi yana ƙare mini a hanyar dawowa daga Gidan Rumji

Sabon mahayi, unguwar Zariya

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da na sayi keken tsere na hannu, kuma kowace Lahadi nakan fita daga Maraɗi bayan sallar asuba in bi hanyar Tsibiri har kusa da Gidan Rumji. Tafiyar tana yi mini daɗi ƙwarai, amma da zarar na juyo sai ƙafafuna su yi nauyi, gwiwar dama ta soma ciwo, har wani lokaci sai na sauka na zauna a gindin bishiya. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan harka su nuna mini inda nake kuskure.

Tsohon ɗan tsere, Sabon Gari

Wa alaikumus salam, ƙanena. Laifin farko na iska ne. A wannan lokaci na hunturu iska tana kaɗawa ne daga arewa maso gabas, saboda haka idan ka nufi yamma ita ce take tura ka, kai kuwa kana zaton ƙarfinka ne, sai ka ƙona abin da ya kamata ka ajiye wa dawowa. Kuma hantsi yana yi tana ƙara ƙarfi, daidai lokacin da ka juyo kana fuskantar ta. Ka sauya tsari, ka fita ta gabas a kan hanyar Tasawa, ka yi fama da iskar tun kana da sauran kuzari, sa'annan ta rako ka gida.

Ciwon gwiwar kuwa ina kyautata zaton daga giyar keke mai nauyi yake. Yawancinmu mun koyi keke ne a kan irin na ɗaukar kaya, wanda ake dannawa da ƙarfin tsiya, shi ya sa muke ganin sassauta giya kamar ragwanci ne. Ka ƙirga sau nawa gwiwarka ta dama take tasowa cikin daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu; idan lissafin bai kai 80 ba, ka rage giya har ƙafarka ta riƙa juyawa tsakanin 80 da 90 a minti ɗaya. Makon farko za ka ji numfashi yana cika ka, amma jiki yakan saba. Fita ɗaya a mako ma ba ta isa ba, ka ƙara biyu gajeru na awa guda, a gudun da za ka iya magana ba tare da haki ba.

Mai gyaran keke, bakin kasuwa

Na yarda da abin da Baba ya faɗa, sai dai kafin a ɗora wa giya laifi a duba tsawon sirdi. Ka hau, ka ɗora dunduniyarka a kan feda lokacin da take can ƙasa. Idan ƙafarka ba ta miƙe sarai ba, sirdin ya yi ƙasa, kuma wannan kaɗai yana jawo ciwo a gaban gwiwa. Kada ka shafa wa kaca baƙin mai na babur, domin yana kama ƙura ya cinye haƙoran giya. Ka kuma guji sauka gefen kwalta inda tsidau yake, tayar keken tsere ba ta jure masa.

Malamin wasanni, unguwar Ali Ɗan Sofo

Ɗan'uwa, ba ka gaya mana abin da kake ci da sha ba. Sanyin hunturu yana ɓoye ƙishirwa alhali busasshiyar iska tana zuƙe ruwan jiki, don haka ka riƙa shan kimanin rabin lita a kowace awa, kurɓi kaɗan kaɗan. Tafiyar da ta wuce awa ɗaya da rabi tana buƙatar abinci, kuma dabino biyu ko uku duk rabin awa sun wadatar. Idan Afrilu ya shigo, zafi ya haura digiri 40, ka tabbata ka dawo kafin ƙarfe tara. Gwiwar nan kuwa in ta ci gaba da ciwo bayan ka gyara sirdi, ka je asibiti a duba ta.

Sabon mahayi, unguwar Zariya

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na gwada awon dunduniya yau da yamma, sai na tarar sirdin yana buƙatar ɗagawa kusan yatsa biyu. Baba, idan kuna fita ranar Lahadi, daga ina kuke tashi?