Giwa mai gashi da kyanwa mai dogayen fiƙoƙi a talabijin: ina hujja ta tsaya?

Mai_Neman_Sani

Assalamu alaikum. Tambayata ga masu nazarin dabbobin da suka shuɗe da kuma masu haɗa hoto da kwamfuta. Kusan duk dokumentarin da aka yi kan zamanin ƙanƙara abu ɗaya yake nunawa: garken mamot, giwayen nan masu gashi, jajaye-jajaye, suna kutsawa cikin dusar ƙanƙara har gwiwa, can sai ga Smilodon, kyanwoyin nan masu dogayen fiƙoƙi, huɗu ko biyar sun ritsa ɗan giwa suna ruri. Mai sharhi kuma ba ya ko inda-inda. To launin gashi, da kuka, da tafiya, da salon farauta, daga ina aka samo su, alhali ƙasusuwa kawai aka tono? Wanne ne hujja, wanne ne cike gurbi? Akwai alamar da mai kallo zai riƙe ya bambance shirin da aka yi da bincike da wanda aka yi don burgewa?

Malamin_Ƙwarangwal

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba ƙasusuwa kawai aka tono ba. Daskararriyar ƙasar Siberiya da Alaska ta adana gawarwaki da fata da gashi da abin da ke cikin tumbi. A 2007 an tsinci wata 'yar mamot a yankin Yamal, aka sa mata suna Lyuba. Ta mutu tana da kimanin wata ɗaya, shekara kusan 42,000 da suka wuce, kuma har nonon uwarta an samu a cikinta. Daga irin waɗannan gawarwakin aka san kunnen mamot ƙarami ne, bai kai rabin mita ba, alhali na giwar Afirka ya haura mita ɗaya. Jelar gajera ce, kitsen ƙarƙashin fata kan kai santimita 10, gashi kuma hawa biyu ne: na ciki gajere mai laushi, na waje mai kauri wanda a gefen ciki yakan kai santimita 90. Tsayin namiji a kafaɗa wajen mita 3 ne, wato sa'ar giwar Afirka. Idan ka ga an yi ta ta ninka giwa, an yi ƙari.

Launi kuwa akwai magana. Gashin da ake tonowa yawanci ja-ja ne, shi ya sa masu zane suka saba da jar mamot. Amma gashi yana koɗewa idan ya yi dubban shekaru a binne. A 2006 an duba wata ƙwayar halitta mai sarrafa launi, MC1R, aka ga akwai nau'in da ke ba da gashi mai duhu da mai haske, binciken da ya biyo baya kuma ya nuna mai hasken ba shi da yawa. Saboda haka ruwan kasa mai duhu ya fi kusa da hujja.

Kuskuren da ya fi girma ba a jikin dabbar yake ba, a ƙasar da take takawa yake. Giwa ta yau tana cin ganye da ciyawa kilo 150 ko fiye a rana. Dabba mai irin wannan cikin ba za ta rayu inda dusar ƙanƙara ta binne ciyawa wata da watanni ba. Mazaunin mamot fili ne na ciyawa, busasshe, mai tsananin sanyi da iska da ƙura, wanda ya miƙe daga yammacin Turai har Alaska da Yukon. Lokacin da ƙanƙara ta kai maƙura, kimanin shekara 21,000 da suka wuce, teku ya ja baya da kusan mita 120, Siberiya ta haɗe da Alaska, amma yawancin wannan yankin ƙanƙara ba ta rufe shi ba, don babu isasshen danshin da zai tara ta. Shaidar tana cikin maƙwabtan mamot: dawaki, da baunar daji, da barewar saiga, wadda zurfin dusar ƙanƙara ke hallaka ta, amma ga ƙasusuwanta tun daga Ingila har Alaska.

Bayan ƙasusuwa da gawarwaki, hujja ta uku ita ce zanen kogo, kuma mutane suna raina ta. Waɗanda suka zana sun ga dabbobin da rai. A kogon Chauvet na Faransa, wanda aka gano a 1994, akwai zakin da aka zana da marainansa a fili amma babu geza, don haka zakin kogo mai cikakkiyar geza a fim abin tuhuma ne. A kogon Cougnac an zana Megaloceros, ƙatuwar barewar nan da faɗin ƙahoninta ke kai mita 3.5, da baƙin tozo a kafaɗa, abin da ƙashi ba zai taɓa faɗa maka launinsa ba. Kogon Rouffignac kuma yana da zanen mamot sama da 150, da tulluwar kai da gadon baya mai gangarowa zuwa ƙugu.

Mai_Neman_Sani

Allah ya saka da alheri, Malam. To idan masana sun san fili ne na ciyawa, me ya sa masu shirin suka nace wa dusar ƙanƙara? Jahilci ne ko ganganci?

Mai_Haɗa_Hoto

Ba jahilci ba ne, yawanci akwai masana a cikin tawagar. Matsalar ta aiki ce. Dabbar a kwamfuta ake gina ta, amma filin da za ta taka da kyamara ake ɗaukowa, kuma irin wancan filin ciyawa ya ɓace, sai ɗan abin da ya yi kama da shi a tsaunukan Altai. Ga shi sunan shirin yana da ƙanƙara a ciki, mai kallo fari yake jira. Sannan saka ƙafar dabba cikin doguwar ciyawa wahala ce: kowane kara da ya gitta gaban ƙafar sai an ware shi firam bayan firam, wato hoto bayan hoto na fim ɗin, ko a goge ciyawar gaske a dasa ta kwamfuta. Farin fili ya fi arha.

Ga yadda ake ginin. Ana sikan ɗin ƙwarangwal da leza ko a ɗauki hotuna ɗaruruwa ta kowace kusurwa a haɗa su su zama siffa. A nan kuskuren farko ke shigowa, domin ƙwarangwal ɗin gidan tarihi wani lokaci haɗe-haɗe ne na dabbobi da dama, kuma tsofaffin ɗauri suna da aibi. Mamot ɗin da aka fara ɗaurawa a Rasha a farkon ƙarni na 19 an juya masa haure, suka lanƙwasa waje, alhali daidai shi ne su fita waje sannan su murɗo ciki, kawunansu na neman haɗuwa. Bayan ƙashi sai tsoka, ana bin tabon da jijiya ta bari a jikin ƙashi, ana gwadawa da dangin dabbar masu rai: giwar Asiya ga mamot, manyan kyanwoyi ga Smilodon. Sai kitse, sai fata. Wanda ya tsallake kitse yakan fito da dabba rama-rama, kana ganin kowane rami na ƙoƙon kanta, abin da ba ka gani a lafiyayyar dabba.

Gashi ba ɗaya-ɗaya ake dasawa ba. Ana tsara silin jagora 'yan dubbai, kwamfuta ta cike tsakaninsu da miliyoyi. Idan ba a sa shi ya cure ba, ba a zuba masa laka da ƙura da guntun ciyawa ba, sai mamot ta fito kamar sabon bargo.

Abin da zan ce ka sa wa ido shi ne ƙafa. Tsawon taku da lokacin taku dole su yi daidai da gudun jiki. Misali, idan taku ɗaya mita 4 ne kuma yana cin daƙiƙa 2, wato firam 48 a kan 24 kowace daƙiƙa, jiki dole ya matsa mita 2 a daƙiƙa. In aka saɓa, tafin ƙafa zai riƙa zamewa a ƙasa, nauyin dabbar ya ɓace nan take. Giwa kuma ba ta tsalle, ba ta sukuwa, ko a iyakar gudunta da aka auna, wajen kilomita 25 a awa, ƙafa ɗaya na ƙasa. Mamot mai sukuwa irin ta doki ba daga ƙashi ta fito ba. Haske shi ma yana tona asiri. A wurin ɗaukar fili ana ajiye ƙwallo biyu, ɗaya toka-toka ɗaya mai sheƙi, a ɗauki hoton sararin wurin zagaye, don a haska dabbar da rana iri ɗaya. In inuwarta ta nufi wani wajen daban da ta duwatsu, an yi sakaci.

Amma bari in kare abokan sana'a kaɗan. Masani a takarda zai iya rubuta cewa ba a tantance launi ba, mai zane ba shi da wannan damar. Dole dabba ta fito da wani launi, ta yi wani kuka. Laifin yana kan sharhi da salon kyamara. Ana kwaikwayon doguwar lens, da ɗan girgizar hannu, da dabba ta ɓace bayan dutse a sake nemo ta, duk don ya yi kama da ɗaukar namun daji na gaske. Idan aka yi haka kuma mai sharhi bai taɓa cewa “mai yiwuwa” ba, an yaudari mai kallo ko da kowane ƙashi yana wurinsa.

Malama_Fiƙa

Malam ya bar Smilodon, bari in ɗauka. Na farko, ba damisa ba ce, reshenta daban ne da na zaki da damisa tun miliyoyin shekaru. Na biyu, a nahiyoyin Amurka kaɗai ta rayu. Inda aka fi tono ta, ramukan kwalta na La Brea a Los Angeles, an samu sama da 2,000, kuma mamot ɗin wurin ba mai dogon gashin nan ba ce, wani nau'i ne da ake kira mamot ta Kolumbiya, wadda ta fi ta girma, har mita 4. Smilodon a filin Siberiya kuwa ƙirƙira ce zalla.

Fiƙar babban nau'in, na Kudancin Amurka, takan kai santimita 28 har da saiwa. Doguwa ce, siririya ta gefe, kuma takan karye idan ta daki ƙashi ko abin farauta ya fizge. Bakin yana buɗewa fiye da digiri 110, na zaki wajen 65, amma ƙarfin cizon kimanin kashi ɗaya cikin uku na zaki ne. Ƙarfinta a ƙafafun gaba da wuya yake, jelarta gajera, ginin jikinta na kwanton ɓauna ne ba na dogon gudu ba. Abin da jikin ke nunawa shi ne ta kayar da dabba ta danne, sannan ta soki wuri mai taushi a maƙogwaro. Duk fim ɗin da ta daka tsalle ta kafa fiƙoƙi a gadon bayan giwa mai gudu, a zahiri ranar ta yi asarar haƙoranta.

Farauta a ƙungiya ita ce ba a gama muhawara a kai ba, kuma ina ganin masu shiri sun yi saurin yanke hukunci. Masu cewa e suna kafa hujja da yawansu a La Brea da ƙasusuwan da suka yi mummunan rauni suka warke, alamar wani ya ciyar da mai raunin. Masu cewa a'a suna nuna cewa kwalta tarko ce: dabba ɗaya ta maƙale, maciya nama da yawa su biyo, shi ya sa mafi yawan manyan dabbobin wurin maciya nama ne. Ko da ƙungiyar ce, ba lallai irin ta zaki ba, don bambancin girma tsakanin namiji da mace bai kai na zaki ba.

Mai son ganin kyanwa mai fiƙa da ɗan mamot, hujjar tana wajen Homotherium, wata kyanwa mai fiƙa ta daban. A kogon Friesenhahn na Texas an samu ƙasusuwanta tare da ɗaruruwan haƙoran 'ya'yan mamot. A 2024 kuma aka wallafa bayanin gawar jaririnta mai mako uku da aka samu a Yakutiya ta Siberiya: gashi ruwan kasa mai duhu, ƙananan kunnuwa, faffaɗan dagi. Ita ce kyanwa mai fiƙa da aka ga fatarta da ido. Zane-zanen jikin Smilodon, ɗigo ne ko layi, aro ne daga kyanwoyin yau.

Malamin_Ƙwarangwal

Malama ta yi daidai. Zan ƙara cewa ba duk halayya ce ƙirƙira ba, musamman a mamot, don haure yana girma hawa-hawa yana ajiye tarihin mai shi. A 2021 an tsaga hauren wani namiji na Alaska da ya rayu shekara 28, kimanin shekara 17,000 da suka wuce, aka bi sinadarin sitirontiyom a cikinsa aka zana inda ya yi yawo. Da ya kai shekara 15 zuwa 16 sai yawonsa ya faɗaɗa sosai, daidai lokacin da garken giwaye ke korar samari. Wani bincike na 2017 ya duba mamot 98 na Siberiya ya samu kashi 69 cikin ɗari maza ne, abin da ya dace da maza masu yawo su kaɗai suna faɗawa rami da taɓo. Don haka garken mata ƙarƙashin tsohuwar uwa yana da madogara mai kyau.

Kuka ne mafi rauni. Maƙogwaro nama ne, abin da ke saura ƙananan ƙasusuwa ne, kuma na Smilodon har yanzu ana jayayya ko na mai ruri ne ko na mai gurnani. Abin da kake ji a fim haɗi ne na muryoyin dabbobin yau, an rage musu sauri don su yi kauri.

Kafin ka kalli shiri, duba shekarar da aka yi shi. Kafin 2021 ana zana ƙaton kyarkecin La Brea a matsayin ɗan'uwan kyarkecin yau na kusa, har da furfurar jikinsa. A shekarar binciken DNA ya nuna reshensu ya rabu kusan shekara miliyan 5.7 da suka wuce, aka mayar da shi jinsinsa na daban, Aenocyon, kuma launin toka da aka daɗe ana ba shi ya rasa dalilin da aka jingina shi a kai.