An kawo wutar sola, ba a yi sallama cikin gida ba

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake, kuma sai na amayar da abin da ke cikina. Wani kamfani ya kafa ƙaramar tashar sola a ƙauyen su Innata, can bayan Shika. Kafin a fara aiki sun turo samari da takardun tambayoyi. A ƙofar gidan mai unguwa aka yi zaman bayan la'asar, maza zalla. Ƙwan fitila nawa ne a gidanka, kana da talabijin, kana da fanka, waya nawa kake caji. A kan amsoshin nan aka auna girman tashar, babu wanda ya ce a yi sallama cikin gida. To ga abin da ya biyo baya. Inna ta kwashi adashi ta sayi firiza ta hannu don kunun aya da zoɓo, tana jonawa mita ta yanke wutar gidan gaba ɗaya, wai nauyin ya wuce abin da aka yanka wa gidan. Injin markaɗen garin har gobe fetur yake sha. Fitilun titi suna majalisa da tashar mota, amma bakin burtsatse inda 'yan mata ke jera jarkoki tun kiran assalatu duhu ne ƙirin. Matan da ke ciyar da rabin gidajen garin da ƙuli-ƙuli da awara da ƙosai, ko kalma ɗaya ba a ji daga bakinsu ba. Ni dai na ce duk aikin wutar da aka tsara ba a tambayi mata ba, rabin aiki ne.

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam. Tsaya tukuna Maman Ilham. Matan da ke me? Ciyarwa?

Malam Tudun Wada: Nan nima na tsaya. Ciyarwa wajibin miji ne, nassi ne a Suratun Nisa'i, aya ta 34, kuma da ita Allah ya ɗora wa namiji shugabancin gida. Mace na iya taimakawa, ladanta na wurin Allah. Amma a ce ita ke ciyarwa, wannan magana ce mai nauyi, ƙanwata. Ki gyara.

Maman Ilham: Allah ya gafarta Malam, ban ce ba wajibinku ba ne. Abin da idona ya gani na faɗa. Kuma maganar wuta na kawo.

Baban Sadiq: Rabin gidaje fa kika ce. Kin ƙirga? Mutanen nan manoma ne, masara da dawa da waken suya suke zubawa a rumbu duk kaka. Wa ya noma waken da ake yin awarar?

Anti Ladi: Ya noma, ya kai kasuwar Giwa ya sayar, ita kuma ta saya da kuɗinta tiya-tiya. Baban Sadiq kada mu rufe ido. Maigida ya auno tsaba ya ajiye ya fita, to kuɗin niƙa fa? Gishiri, manja, daddawa, itace, sabulu, kuɗin tara na yara? Tsaba ba ta zama tuwo da kanta.

Baban Sadiq: Wannan cefane ne, ba ciyarwa ba.

Anti Ladi: To a ci tuwo gaya mu gani.

Injiniya Samaru: Jama'a, don Allah a dawo kan tashar, domin abin da ta faɗa matsala ce da mu masu aikin muka sani. Wutar sola da rana take da araha. Da dare daga batir take fitowa, kuma batir ne ke cin kaso mai tsoka na kuɗin tasha. Idan ka tambayi maigida kaɗai, buƙatar dare zai ba ka: fitila, labarai, ƙwallo. Sai ka tara batir, kuɗin yunit ya yi tsada, da hantsi kuma allunan suna ta samar da wutar da babu mai sha. Wa ke gida da rana yana sana'a? Mata. Markaɗe, niƙa, ɗinki, ƙanƙara, matsar man gyaɗa. Su ne kwastomomin da za su sha wutar rana su sauko da farashi ga kowa, har shi maigidan. Firiza kuma lokacin tashi tana fizgar wuta ninkin abin da take ci idan ta daidaita, shi ya sa mitar ta yanke. Da an san da ita tun farko da an sa gidan a wani rukuni. Kuma a garin da aka rubuta ba shiga a zaure, namiji ba zai samo wannan bayani ba, dole ka ɗauki mata masu tambaya.

Ɗan Birni: Ga 'yan Samaru nan an fara lacca. Ku da kuke da cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), har da na'urar nukiliya tun 2004, wane ƙauye kuka haska?

Injiniya Samaru: Ta bincike ce da koyarwa, ba ta ba da wuta ba. Ka sani sarai.

Ɗan Birni: Abin da na sani shi ne duk wata fitina daga bakin 'yan boko take fara fitowa. Yau a shiga gida a tambayi mata, gobe a ce mita da sunanta, jibi ta ce gidan ma nata ne. Ajandar ƙungiyoyin Turawa ce, mun gane.

Hajiya Kongo: Ɗana, bar zancen Turawa. Shugabannin ƙasashen ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ne da kansu suka amince da manufar shigar da buƙatun mata da maza cikin harkar makamashi, a taronsu na Monrobiya a 2017, kuma Najeriya na ciki. Aka kuma tsara ƙa'idar cewa kafin aikin makamashi a auna yadda zai shafi mata da yadda zai shafi maza. Tun kafin nan ma, a Mali, daga shekarun 1990 aka riƙa ba ƙungiyoyin mata a ƙauyuka injin dizal guda ɗaya da ke juya niƙa da casa da cajin batir, su ke riƙe da shi su ke karɓar kuɗi. Musulmi ne irinmu, ba a ji garuruwansu sun watse ba. Dalilin shirin kuwa shi ne rage wa matan wahalar turmi da dutsen niƙa.

Malam Tudun Wada: Hajiya, ba mu hana shawara da mata ba. Amma kalmar nan ta ciyarwa ba a janye ta ba har yanzu.

Hajiya Kongo: Malam, ai kai za ka tuna mana Hudaibiyya. Shawarar Ummu Salama ce Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ɗauka ranar da sahabbai suka yi nauyin yanka da aski. In an nemi shawarar mace a wannan babban al'amari, ta burtsatse ce za ta gagara?

Malam Tudun Wada: Mijinta ne ya shawarce ta, ba baƙon kamfani ba.

Maman Ilham: To mazan da suka zauna a ƙofar mai unguwa, wa ya hana su shiga su tambayo kafin su ba da amsa?

Sani Sola: Masu buƙatar sola ta gida, inbata da batir mai kyau, akwai biya kaɗan-kaɗan. A yi min magana ta gefe.

Shugaban Zaure: Sani, an sha hana talla a nan. Gargaɗi na ƙarshe.

Baban Sadiq: Ni abin da ke ƙona min rai, kullum namijin Bahaushe ne abin duka. Mutum ya wuni a rana yana kabu-kabu daga PZ zuwa Kwangila, ya dawo a ce mace ke ciyar da shi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, wa ya tambayi maza yadda suke yi?

Kwamared: Yauwa, yanzu ka zo wurin. Wa ya cire? Ku da kuka yi ta yi mana kamfe a zauren nan.

Baban Sadiq: Naku fa? A 2014 gwamnatinku ta amince da naira biliyan 9.2 don sayo murhu 750,000 a raba wa matan karkara. Nuna min mace ɗaya a Zazzau da ta samu.

Kwamared: Aƙalla an tuna da su. Ku gas ɗin ma kun mayar da shi na masu hali, kowa ya koma gawayi.

Anti Ladi: Kun ga dai da bakinku kun kawo maganar murhu, kuma ita ce babbar. Ana ta murnar fitila, amma girki bai canza ba. Ku shiga madafin mai ƙosai da damina, itace jiƙe, tana hura wuta da murfin roba, idanu jajur suna hawaye, goyo a baya yana shaƙa tare da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, sama da 237,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Wanda bai taɓa tsugunawa gaban murhu ba, ba zai sa wannan a takardar tambaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ɗan Birni: Iyayenmu da itace suka yi girki har suka tsufa.

Anti Ladi: Ka tambayi idanunsu da ƙirjinsu.

Ɗan Birni: Kada ki sako iyaye a ciki, Anti.

Anti Ladi: Kai ka fara ambatarsu.

Injiniya Samaru: Akwai kuma batun mita da Ɗan Birni ya taɓo. Gida mai mata uku, kowace da ɗakinta da sana'arta, mita ɗaya da sunan maigida. Mai firiza ta sha wuta, mai ɗinkin hannu ta ce ba za ta biya daidai da ita ba, rigima ta tashi, a daina sayen yunit, kamfani ya yi asara. Ƙaramar mita ga kowace mai sana'a ta kashe wannan. Kuma kuɗin da ke shigowa ba kaɗan ba ne: a Disamba 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don faɗaɗa irin waɗannan tashoshi da solar gida a Najeriya ta hannun REA, hukumar samar da wutar lantarki a karkara. In aka ci gaba da aunawa da bakin magidanta kaɗai, haka za a yi ta maimaita kuskuren gari bayan gari.

Baban Sadiq: Injiniya kana ta zagaye. Amsa ɗaya muke so: mata ne ke ciyar da gidaje ko maza?

Injiniya Samaru: Ban auna wannan ba, wuta nake aunawa.

Kwamared: Tsoron Madam ne ya hana shi magana.

Ummi Gyallesu: Ni ƙarama ce a nan, ku yi haƙuri. Mahaifinmu ya rasu ina aji uku a sakandare. Da ƙanƙara da zoɓo Mama ta riƙe mu shida. Lokacin da Arewa ta shiga duhu a Oktoba 2024, kwana da kwanaki babu wuta, jarinta gaba ɗaya ya narke a firiza, sai da ta sayar da akuyarta ta sake tayarwa. In ba ciyarwa ake kiran abin da take yi ba, ku faɗa min sunansa.

Malam Tudun Wada: Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka wa mahaifiyarku da Aljanna. Wannan lalura ce, 'yata, hukuncinta daban. Kuma abin kunya ne ga dangin uba.

Ɗan Birni: Mu Zazzagawa ba a koya mana darajar mace. Sarauniya Amina tamu ce, sunan garin ma na ƙanwarta Zariya ne kamar yadda aka gada a tarihi.

Hajiya Kongo: To jikokin Amina ne ke ɗibar ruwa cikin duhu.

Maman Ilham: Tun safe nake jira mutum ɗaya ya ce ga yadda za a yi a kai wa kamfanin ƙorafi, ko a sa mata biyu cikin kwamitin wutar garin, ko a matsar da fitila ɗaya bakin burtsatse. Hajiya, Injiniya, in za ku taimaka da rubuta takarda, zan bi ku ta gefe.

Baban Sadiq: A fara janye kalmar.

Maman Ilham: Ba zan janye ba.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Na bi duk saƙonnin, kuma abin da ya fito fili shi ne mafi yawanmu mun yarda ciyarwa ta maza ce, kamar yadda Malam ya kawo hujja, kuma babu wanda ya iya kawo ƙidayar rabin gidajen nan. Ƙanwarmu Maman Ilham ta yi zafi, muna fatan gobe in ta huce za ta gyara lafazinta. Shi kamfanin a ganina yabo ya kamata a yi masa, garin da bai taɓa ganin wuta ba yau yana da ita, kuma ya bi ta hannun mai unguwa da dattawa kamar yadda al'ada ta tanada. Na zauna a irin wannan kwamiti a unguwarmu, na san wahalarsa, ba kowa za a iya tambaya ba. Bayanan Injiniya da na Hajiya na masana ne, a kai su inda ya dace. Batun firiza, maigidan ya je ofishinsu ya nemi ƙarin wuta. Kwamared da Baban Sadiq, siyasa ranar Lahadi kaɗai aka yarda da ita a nan. Sani Sola na cire shi na mako guda. Na rufe zauren sai bakwai na safe, kuma kada a manta da gudummawar auren ɗan'uwanmu, ranar Alhamis za a rufe karɓa.