Kitaro: wane ne shi, kuma yaya ake fitar da sautinsa mai kama da sarewa?

Ɗan Fiyano ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah ina neman ƙarin haske a kan makaɗin nan ɗan Japan, Kitaro. Kiɗan da ya yi wa shirin talabijin na Hanyar Siliki ya tsaya mini a rai, musamman muryar da ke jan kiɗan, wadda ba sarewa ba ce kuma ba goge ba. Na gwada kwaikwayonta a kwamfuta, tawa sai ta fito a bushe, in na ƙara mata eko kuma komai ya dagule kamar kunu. Wane ne mutumin, ta ina ya biyo? Sannan da waɗanne kaya ya yi aikin, kuma a ina nake yin kuskure?

Mai Faifai ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sunansa na yanka Masanori Takahashi, an haife shi ranar 4 ga Fabrairu 1953 a garin Toyohashi da ke lardin Aichi. Kitaro laƙabi ne da abokai suka liƙa masa. Bai yi makarantar kiɗa ba, da kunne ya koya, kuma da jita mai lantarki ya fara tun yana sakandare. Da ya koma Tokyo ne ya karkata ga sintesaiza, wato na'urar kiɗa mai maɓallan fiyano da ke haɗa sauti da lantarki, ya shiga ƙungiyar Far East Family Band.

A nan ne ya haɗu da Klaus Schulze, Bajamushen da ya taɓa zama a ƙungiyar Tangerine Dream. Schulze ya yi aiki a kan faifan ƙungiyar na 1975 da na 1976, na biyun ma a Ingila aka ɗauke shi. Duk wanda ya saurari faifan nan biyu zai ji inda Kitaro ya samo ɗabi'ar barin sauti ɗaya ya daɗe yana juyawa ba tare da an katse shi ba. Daga 1977 ya ware ya kama aiki shi kaɗai, faifansa Ten Kai ya fito a 1978, Oasis ya biyo baya a 1979.

Abin da ya buɗe masa ƙofa shi ne gidan talabijin na Japan, NHK. A watan Afrilu 1980 suka fara nuna shirin Hanyar Siliki, wanda suka haɗa da gidan talabijin na ƙasar Sin, zangon farko kashi 12. Hoton raƙuma a kan rairayi, ga wannan murya tana binsu a hankali, shi ya shigar da sunansa gidajen mutanen da ba su taɓa sayen faifan sintesaiza ba. A ganina da ba don talabijin ba, da kiɗan nan bai wuce 'yan tsirarun masoya ba, domin irinsa yana son hoto ko shiru, ba ya shiga gidan rawa.

Amurka ta zo daga baya. Kamfanin Geffen ya ɗauke shi a tsakiyar shekarun 1980, a 1987 ya yi The Light of the Spirit tare da Mickey Hart, mai gangar ƙungiyar Grateful Dead, a 1992 kuma Jon Anderson na ƙungiyar Yes ya rera a faifansa Dream. Kiɗan da ya yi wa fim ɗin Heaven & Earth na Oliver Stone a 1993 ya ci lambar Golden Globe. Lambar yabon kiɗa ta Grammy kuwa ta ba shi wahala: an sa sunansa a takara fiye da sau 15, amma faifan Thinking of You ne ya ci masa a 2001. Rukunin "new age" ɗin da ya ci lambar a cikinsa sai 1987 aka fara bayar da shi a Grammy, wato Kitaro ya kusa shekara goma yana irin wannan kiɗa kafin Grammy ta ware masa rukuni.

Injiniyan Sauti ya amsa:

Mai Faifai ya gama da tarihi, bari in kama ɓangaren kaya. Ƙanena, abu na farko da za ka riƙe: na'urorin da aka san shi da su a lokacin Hanyar Siliki ƙanana ne. Akwai Mini-Korg 700, akwai Korg 800DV, akwai Minimoog. Mini-Korg da Minimoog sauti ɗaya tak suke fitarwa a lokaci guda, 800DV kuma biyu. A kan Mini-Korg ko Minimoog, ka danna maɓalli uku tare, ɗaya za ka ji. Saboda haka dole a ɗauki kiɗan layi bayan layi, kuma kowane layi ya zama yana da abin da yake faɗa. Kai kuwa kwamfutarka tana ba ka murya ɗari a lokaci ɗaya, a nan matsalar take farawa.

Muryar da ke jan kiɗan, ga yadda za ka kusance ta. Ka sa sintesaizarka a tsarin sauti ɗaya, wato mono. Ka ɗauki osileta ɗaya, wato ɓangaren da ke samar da sautin, mai siffar tirayangul, ko sukwaya da ka rufe wa filta har kaifinta ya tafi. Kada sautin ya faɗo da ƙarfi da zarar ka danna, ka ba shi milisakan 60 zuwa 120 ya taso, kamar mai busa yana tara numfashi. Ka kunna zamiya tsakanin sauti da sauti, abin da ake kira fotamento, milisakan 80 zuwa 100 ya isa. In ta wuce 200 sai ta koma jiniyar motar asibiti. Sai karkarwar murya: gudun 5 zuwa 6 Hz, amma kada ta shigo tare da sautin. Ka jinkirta ta kamar rabin daƙiƙa, ko ka riƙa shigo da ita da hannu ta wilin da ke gefen fiyano. Rashin wannan jinkiri shi ne babban dalilin da ya sa naka ke fitowa kamar na'ura.

Yanzu batun kunun. Eko daban, ribab (kuwwar da ɗaki ke yi wa sauti) daban, kuma kada ka zuba su kai tsaye a kan kowane layi. Ka buɗe musu tasha guda ka riƙa tura wa kowane layi gwargwadon buƙatarsa. Lissafin eko mai sauƙi ne: ka raba 60,000 da yawan bugu a minti. In kiɗanka bugu 70 ne, bugu ɗaya milisakan 857 ke nan, rabinsa 428, kashi uku cikin huɗu 643. Ka zaɓi ɗaya daga ciki, maimaicin kada ya wuce uku ko huɗu, kuma ka rage masa kaifi ta yadda kowane maimaici zai fi na baya duhu, kamar yadda ekon tef na wancan zamani yake yi. Ribab ɗin ka ba shi tsawon daƙiƙa 4 zuwa 6, da ɗan jinkirin milisakan 40 kafin ya shigo, don muryar ta fara fita tas kafin ɗaki ya amsa. Abu mafi muhimmanci: ka yanke duk abin da ke ƙasa da 250 Hz daga cikin ribab ɗin. Bes in ya shiga kuwwa mai tsawo ba ya fita, taruwa yake yi, sabon kod, wato sautukan da aka danna tare, ya hau kan wutsiyar tsoho. Wannan shi ne dagulewar da kake ji.

Sautin shimfiɗa na baya kuma, yatsu uku sun isa, ka buɗe tazararsu, ya taso cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. Ƙarar iska da kake ji a farkon wasu kiɗe-kiɗensa za ka iya haɗa irinta da farin amo, wato ƙarar shuu irin ta rediyon da bai kama tasha ba, da ka bi da shi ta siririyar filta, kana motsa ta a hankali, zagaye ɗaya cikin daƙiƙa goma.

Malamar Kiɗa ta amsa:

Yallaɓai Injiniya ya faɗi gaskiya, sai dai ina ganin ko an saita na'ura daidai, in hannu bai canja ba ba za a samu abin da ake nema ba. Ɗan Fiyano, ka gwada wannan: ka taƙaita kanka ga sautuka biyar, La, Do, Re, Mi, So. Irin wannan ma'auni mai sauti biyar yana da yawa a kiɗan gabashin Asiya, kuma shi ne ƙashin bayan yawancin kiɗanmu na gargajiya, shi ya sa kunnen Bahaushe ba ya jin baƙunta a ciki, har ka ce sarewa.

Ka rera layin da bakinka kafin ka buga shi. Inda numfashinka ya ƙare, nan za ka ɗaga yatsa, ka bar bugu ɗaya ko biyu babu komai, eko ya cike wurin. Sannan kada ka bari kwamfuta ta daidaita maka lokacin sautukan a kan layin awo. Ɗan lattin da hannu ke yi kafin dogon sauti yana daga cikin daɗin abin, in ka goge shi ka goge rai. In ka yi kuskure, ka sake bugawa daga farkon jimlar, ya fi gyara da linzamin kwamfuta.

Mai Gyaran Kaya ya amsa:

Gargaɗi ga wanda zai nemi tsohuwar na'urar da kanta. Kayan da aka ƙera don kasuwar Japan wutar bolt 100 suke sha, tamu kuwa 220 zuwa 240 ce. Ka jona kai tsaye, taransifoma ta ƙone nan take. Ka karanta farantin da ke bayanta, ka nemi abin rage wuta, ka haɗa da sitabilaiza in da janareta kake aiki. Na biyu, osiletocin zamanin suna kaucewa daga saiti in zafin jikinsu ya canja, Minimoog ta yi suna a kan haka. Ka kunna ta ta yi minti 15 zuwa 20 kafin ka saita ta a kan La 440, kuma ka sake dubawa kafin kowane ɗauka. Na uku ƙura: filtar Mini-Korg da ake kira Traveler maɓallan ja biyu ce, ɗaya na yanke sama ɗaya na yanke ƙasa, in ƙurar hunturu ta shiga raminsu za ka riƙa jin ƙaras-ƙaras duk lokacin da ka ja. Maganin tsabtace wayoyin lantarki ake fesawa, ba man keke ba, kuma a rufe ta da ƙyalle. In kana son kauce wa duk wannan, Korg ta sake fitar da ita a 2021 da sunan miniKORG 700FS.

Mai Faifai ya ƙara da cewa:

Na manta abu biyu. Kada a ɗauka sintesaiza kaɗai yake amfani da ita, yana dukan manyan gangunan Japan da ake kira taiko, kuma faifansa Kojiki na 1990 cike yake da goge irin na Turawa. Daga 2003 kuma ya fara jerin Sacred Journey of Ku-Kai, inda yake ɗaukar ƙarar ƙararrawar wuraren ibadar mabiya Buddha guda 88 da ke tsibirin Shikoku, yana gina kowane kiɗa a kan ƙararrawa ɗaya. Ɗan Fiyano, in kana son ka ji yadda ake barin sauti ya mutu da kansa kafin a ɗora wani, ka saurari farkon waɗannan.

Na biyu, kiɗansa yana da haƙƙin mallaka. In ka sa shi a ƙarƙashin bidiyonka a YouTube ko Facebook, na'urarsu za ta iya gane shi, su toshe sautin ko kuɗin tallar ya tafi ga masu haƙƙin. Ka haɗa naka da lissafin da Injiniya ya ba ka, ka ɗora mana daƙiƙa 30 a nan mu ji inda ribab ɗin ya tsaya.