Takarda ta wargaje tsakanin Word da LibreOffice: laifin wa ne?

Bashir: Jama'a, ni dai ina nan kan bakana. Tun 2008 hukumar ISO, mai tsara ƙa'idoji na duniya, ta amince da tsarin docx, wato tsarin fayil ɗin Word na Microsoft, ƙa'idojinsa a rubuce suke, kowa na iya karantawa. To in LibreOffice, manhajar ofis ta kyauta, ta buɗe takardar Word ta karkatar da teburi, shafi goma ya koma goma sha ɗaya, ban ga hannun Microsoft a ciki ba. Masu manhajar kyauta ne ba su gama aikinsu ba.

Malam Auwal: Bashir, ka san girman ƙa'idojin nan kuwa? Sun haura shafi 6,000. Kuma iri biyu ne, Strict da Transitional. Strict shi ne tsabtatacce. Transitional kuwa ya kwaso kayan tsofaffin Word gaba ɗaya, har akwai umarni a ciki mai suna autoSpaceLikeWord95, wato a bar tazara tsakanin haruffa yadda Word 95 ke yi, alhali a bugun farko ba a faɗi yadda Word 95 ɗin ke yi ba. Wa zai iya kwaikwayon abin da ba a bayyana masa ba? Kuma in ka ajiye takarda a Word ba ka zaɓi komai ba, Transitional yake ba ka. An buɗe ƙofa ne aka tare bakinta da kaya.

Zainab: Malam, ku yi haƙuri in sa baki. Mafi yawan abin da mutane ke kuka da shi bai ma kai nan ba, maganar haruffa ce. An rubuta takarda da salon haruffa mai suna Calibri, kwamfutar da ta buɗe ba ta da Calibri, sai ta musanya da wani mai ɗan faɗi. Kowane layi ya ƙaru kaɗan, kafin a kai ƙarshe sai ka ga wurin sa hannu ya faɗa shafi na gaba shi kaɗai. Ku sa Carlito a madadin Calibri, Caladea a madadin Cambria, faɗinsu ɗaya, layuka za su zauna inda suke. Sai dai yanzu Word ya koma sabon salon haruffa, Aptos, an sake sabon lale.

Bashir: Na ji wannan, Zainab. Amma Malam, kada a mai da ODF, tsarin fayil ɗin da LibreOffice ke amfani da shi, tsarkakakke. ISO ta karɓe shi a 2006, ya riga docx, amma a lokacin bai fayyace yadda ake rubuta dabarun lissafi a cikin maƙunsar bayanai, wato fayil irin na Excel, ba. Sai da sigar 1.2 ta fito a 2011 aka toshe wannan giɓin. Shekara biyar kenan kowa na yin yadda ya ga dama.

Malam Auwal: Giɓin gaskiya ne, ban musa ba. Amma me Microsoft ta yi da shi? Da Office 2007 ya fara buɗe ODF a 2009, sai Excel ya riƙa karɓar fayil ɗin OpenOffice, manhajar da LibreOffice ta samo asali daga gare ta, ya zubar da dabarun lissafin, ya bar maka lambobi tsura. Ka canja adadi a sama, jimilla a ƙasa ba ta motsi. Sauran manhajoji sun iya bin yadda OpenOffice ke rubutawa, ita ce kaɗai ta kasa?

Hajiya Rabi: Ku dai kuna ta tarihi. Ni abin da na sani, takardar da za a karanta kawai, PDF nake mayar da ita, magana ta ƙare. Inda ake shan wahala shi ne takardar da mutum uku za su gyara, wannan a Word, wancan a LibreOffice, ana bin sawun gyare-gyare. Ta je ta dawo sau biyu, lambobin sakin layi sun rikice, akwatin rubutu ya hau kan hoto. Fayil ɗin Excel mai macro na VBA, wato ƙananan umarnai masu yin aiki da kansu, kuwa kada ma a fara, wani ya yi aiki, wani ya tsaya cak.

Bashir: To kin gani, Hajiya. Shi ya sa birnin Munich na Jamus, da ya rungumi manhajojin kyauta, ya yanke shawarar komawa Windows a 2017.

Zainab: Ita kuma jihar Schleswig-Holstein, a Jamus ɗin dai, ta sanar a 2024 za ta mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice. Gwamnatin Birtaniya ma tun 2014 ta zaɓi ODF don takardun da ake gyarawa tare. Kowa na da misalin da zai jefo, Yaya Bashir.

Hajiya Rabi: Ni tambayata ɗaya ce. Wanda na aika wa odt, wato takardar ODF, ya ce sai docx, in ce masa me?

Malam Auwal: Ki riƙe asalin a odt, Hajiya, ki fitar masa da kwafin docx. In ya gyara ya dawo da shi, ki kwashe gyaran zuwa asalin, kada ki ci gaba da aiki a kan nasa.

Bashir: Aiki biyu kenan, Malam. Wa zai biya ta lokacin?