Na'ura ko hannun likita: wa ya fi koya wa yaro tafiya?

Baban Amira: Ni dai ra'ayina, ga yaron da ke da lalurar shanyewar ƙwaƙwalwa, na'urar robot ta fi gashin ƙashi na hannu nesa ba kusa ba. Ku dubi Lokomat ta kamfanin Hocoma na ƙasar Suwizalan. Ana rataye yaro da ɗamara don a rage masa nauyin jikinsa, a ɗaura masa ƙarafa a cinya da ƙwauri, bel ɗin da yake takawa a kai yana juyawa a ƙasa, ƙafafu suna ta takawa daidai wa daida. Wane likita ne zai durƙusa yana ɗaga ƙafar yaro rabin awa bai gaji ba?

Anti Halima: Baban Amira, gashin ƙashi aikina ne, kuma maganar gajiya gaskiya ce. Amma yawan taku kaɗai ba ya koya tafiya. Ƙwaƙwalwa tana riƙe motsin da yaro ya yunƙura ya yi da kansa, ya kuskure, ya gyara. In na'ura ce ke ɗaga ƙafar, yaro yana iya sakin jiki gaba ɗaya, a gama zaman bai yi aikin komai ba.

Malam Isa: Ai an yi maganin wannan, Anti. Ana rage ƙarfin da na'urar ke bayarwa sannu a hankali, kuma akwai wasa a allo wanda ba ya tafiya sai yaro ya sa ƙarfinsa.

Anti Halima: Haka ne, Malam, wasan yana riƙe hankalin yara ƙwarai. Sai dai yawancin binciken a kan yara kaɗan aka yi shi, sakamakon kuma ya sha bamban. Wasu sun ƙara saurin tafiya da juriya, amma in aka kwatanta da yaran da suka samu atisayen hannu na tsawon lokaci ɗaya, fifikon na'urar bai fito fili ba. Ga shi kuma bel shimfiɗaɗɗe ne, babu tudu, babu kwana, babu ƙofar da za a ratsa. Ɗamara ce ke riƙe yaron, to yaushe zai koyi tsare kansa daga faɗuwa?

Maman Khalil: Ku yi haƙuri in sa baki. Kuna ta magana kamar yaran nan duk ɗaya ne. Likitoci sun kasa su mataki 5: na 1 yana tafiya da kansa, na 5 ko riƙe wuya yana masa wahala. Ɗana yana mataki na 4. Ba na jiran ranar da zai ruga da gudu. Amma ya miƙe tsaye, gaɓoɓinsa su motsa, ya kalli mutane ido da ido maimakon daga kujera, wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina, ko da awon masu bincike bai kama shi ba.

Anti Halima: Allah ya ƙara masa lafiya, Maman Khalil. A irin matakinsa ne ma nake ganin na'urar ta fi amfani, domin tsayar da shi da hannu yana cin mutum biyu ko uku. Amma a fara duba ƙugunsa. Raunin ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, sai dai jijiyoyi suna ɗaurewa yayin da yaro ke girma, ƙashin ƙugu yana iya gocewa. Yaron da ƙugunsa ya goce ko ƙashinsa ba ƙwari ba a ɗora shi haka kawai. A kuma riƙa duba fata, ɗauri yana goge ta.

Baban Amira: To maganar bel fa, Anti? Akwai na'urorin da yaro ke sawa ya taka a ƙasa, irin Trexo ta Kanada da ATLAS 2030 ta Sifen. Ni har yanzu ina nan a kan bakana.

Anti Halima: Waɗannan sun fi kusa da tafiyar gaske, ban musa ba. Abin da zan tambaya shi ne, bayan an kwance wa yaron ita, taku nawa yake yi a ɗaki wanda da ba ya iyawa?